Da wane ma'auni za mu auna fina-finan da yaranmu ke kallo?

Malam Istifanus:
Salama a gare ku 'yan'uwa cikin Almasihu. Iyayen 'yan zumuntar matasa sun roƙe ni in rubuta musu jerin fina-finan da yaransu za su iya kallo da waɗanda ba za su kalla ba, daga 'yan shekara 10 zuwa 17. Na duba yadda masu sharhin fim na Kirista suke yin nasu. Yawanci ƙidaya suke yi: zagi sau nawa, tsiraici sau nawa, an sha giya ko ba a sha ba, an kama sunan Allah a banza ko ba a kama ba. Ban raina aikin ba, yana da amfani. Amma ga inda na cije. Akwai katun da babu zagi ko ɗaya a cikinsa, babu jini, amma tun daga farko har ƙarshe abin da yake gaya wa yaro shi ne duk abin da zuciyarsa ta raya masa daidai ne, iyayensa kuma su ne suka tare masa hanya. Akwai kuma fim ɗin yaƙi mai jini, inda mutum ya ba da ransa saboda mutanen da bai ma sani ba. In na bi ƙidaya, na farkon ya ci jarrabawa, na biyun ya faɗi. Hankalina bai kwanta da hakan ba. Ku da me kuke aunawa a gidajenku?

Mama Rifkatu:
Malam, ni ban ga wuya a nan ba. Sarki Dauda ya ce a Zabura 101:3 ba zai sa abin banza a gaban idanunsa ba. Filibiyawa 4:8 kuma ta lissafa mana abubuwan da za mu riƙa tunani a kai: gaskiya, abin girmamawa, adalci, tsabta, abin ƙauna, abin yabo. Duka biyun da ka ambata sun faɗi a wurina. Yaro bai yi asarar komai ba don bai kalli fim ba.

Hannatu:
Ni dai haruffan nan da ake sa wa fim don nuna shekarun da ya dace da su nake dubawa. In na ga G ko PG sai in bar su su kalla, PG-13 in ce sai sun ƙara girma, R kuwa ba a ma maganarsa. Aiki nake yi, ba ni da sararin kallon kowane fim kafin su kalla. Wannan bai wadatar ba?

Habila:
Yaya Hannatu, ya fi babu, amma yana da kyau ki san wa ya sa haruffan da abin da suke aunawa. Na Amurka ne. Ƙungiyar manyan kamfanonin fim ce ta fito da su a 1968, ba gwamnati ba, balle ikilisiya. Wasu iyaye ake ɗauka aiki su kalli fim su ba shi harafi, kuma abin da ake so su yi shi ne su yi hasashen abin da yawancin iyayen Amurka za su iya ɗauka. PG-13 ma bai zo ba sai 1984, bayan iyaye sun yi ta ƙorafi kan fina-finai biyu na shekarar da aka ba PG, wato Gremlins da Indiana Jones na biyu, wanda aka nuna ana ciro zuciyar mutum yana raye. Ingila tana da nata tsarin daban: U, PG, 12A, 15 da 18. Fim ɗaya yana iya samun shekaru daban a ƙasashe biyu.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda masu fim suka laƙanci hanyar zagaye tsarin. PG-13 ya fi kawo kuɗi saboda matasa na iya shiga, don haka sai a cire jini a bar kisan. Wani bincike da mujallar likitocin yara ta Amurka, Pediatrics, ta buga a 2013 ya nuna harbe-harben bindiga a fina-finan PG-13 da suka fi kasuwa sun ninka fiye da sau uku tun 1985. Za a kashe mutum ɗari, babu ɗigon jini, babu uwar da ta yi kuka, babu jana'iza. Ni a ganina wannan ya fi ɓata yaro fiye da fim ɗin da mutum ɗaya ya mutu kuma aka nuna zafin mutuwarsa.

Mama Rifkatu:
To ka gani, ɗana. Da bakinka ka faɗa. Masu neman kuɗin su ne masu sa hatimin. Me ya sa za mu sa yaranmu cikin wannan?

Fasto Ishaya:
Mama, na gode da ayoyin da kuka kawo, ba za mu tsallake su ba. Amma ku lura, abu na farko a jerin Filibiyawa 4:8 shi ne gaskiya, kuma gaskiyar duniyar nan akwai zunubi a cikinta. In muka ce duk labarin da aka nuna mugunta a ciki ya faɗi, to Littafi Mai Tsarki da kansa ba zai tsira ba. Kayinu ya kashe ƙanensa tun a sura ta 4 ta Farawa. Littafin Mahukunta 19 ko babba ya karanta sai jikinsa ya yi sanyi.

Ku dubi 2 Sama'ila 11, labarin Sarki Dauda da Batsheba matar sojansa Uriya. Akwai sha'awa, akwai zina, akwai makirci, an bugar da Uriya da giya, aka ba shi wasiƙar mutuwarsa ya kai da hannunsa. In da mai ƙidaya ne zai ba surar maki, ta faɗi warwas. Amma yaya aka ba da labarin? Zinar kanta a aya ɗaya aka gama ta, ba a tsaya ana siffanta jikin Batsheba don mai karatu ya ji daɗi ba. Inda aka ɓata lokaci shi ne wurin amincin Uriya, wanda ya ƙi shiga gidansa ya kwana saboda 'yan'uwansa sojoji suna fili. Surar ta rufe da cewa abin da Dauda ya yi bai gamshi Ubangiji ba. Daga nan har sura ta 18 ana girbin abin da aka shuka a cikin 'ya'yansa: Amnon, Tamar, Absalom. Babu yaron da zai karanta wannan ya fito yana sha'awar yin abin da Dauda ya yi.

Saboda haka tambayata ga kowane fim ba ita ce ko akwai zunubi a ciki ba. Ina tambaya: an nuna shi a matsayin me? An yi masa ado, ko an nuna abin da yake haifarwa? Kuma a lura, da annabi Natan ya zo wurin Dauda, ba wa'azi ya fara ba. Labarin da ya ƙirƙiro ya ba sarki, na matalauci mai 'yar tunkiya ɗaya. Labari ne ya buɗe zuciyar da ta riga ta taurare. Wannan ƙarfin na labari shi ya sa fim yake da haɗari, shi ya sa kuma ba za mu bar wa wasu fagen su kaɗai ba.

Malama Saratu:
Fasto, ina tare da ku a rabin maganar. Amma karatu daban, gani daban. Yaro mai shekara 9 in ya karanta cewa an kashe mutum, zuciyarsa za ta zana hoton daidai gwargwadon abin da zai iya ɗauka. Fim kuwa shi yake zana masa, ya haɗa da kiɗa da ƙara, ya kuma manna masa a kai. Na koyar da yara ƙanana, na ga yarinyar da ta daina yarda ta shiga ɗaki ita kaɗai saboda fitowa ɗaya tak a fim ɗin da saƙonsa mai kyau ne.

Kuma kwaikwayo ba ya jiran ƙarshen fim. Masanin halayyar ɗan Adam Albert Bandura ya nuna tun farkon shekarun 1960 cewa yara suna maimaita dukan da suka ga an yi wa 'yar tsana, ko da a hoton fim suka gani. Rahoton babban likitan gwamnatin Amurka na 2012 ya kammala cewa ganin shan taba a fim yana sa matasa su fara sha. Ba wai fim ɗin ya ce taba tana da kyau ba ne, a'a, jarumin da suke so ne ya riƙe ta. Don haka ƙidayar nan da Malam Istifanus ya ce ba ta isa ba, kada mu jefar da ita. Ga 'yan ƙasa da shekara 10 ita ce kan gaba.

Habila:
In ƙara a kan maganar Malama. Ma'aunin nan na cewa a nuna sakamakon zunubi an taɓa mai da shi doka. Ƙa'idar Hays da Hollywood ta amince da ita a 1930, aka soma tilasta ta sosai a 1934, 'yan Katolika biyu ne suka rubuta ta, ɗaya ma limami ne. Ta ce kada a ja mai kallo ya tsaya a gefen laifi. Me masu fim suka yi? Sai su kwashe awa ɗaya da rabi suna nuna ɗan fashi cikin kwat mai tsada da mota da mata, a minti biyar na ƙarshe a harbe shi. An cika ƙa'ida. Amma yaro da wanne zai koma gida, da kwat ɗin ko da gawar?

Fasto Ishaya:
Wannan gyara ne mai kyau, Habila. Ke nan ba ƙarshen labari kaɗai za a duba ba, a duba inda kyamara ta fi daɗewa, da wanda aka ba kiɗa mafi daɗi da magana mafi ban dariya. Malama Saratu kuma, na yarda da batun shekaru. The Passion of the Christ na 2004 labarin gicciyen Ubangijinmu ne, amma R aka ba shi saboda tsananin bulala da jini, kuma ni ban yarda a zaunar da ɗan shekara 8 a gabansa ba ko da a makon Ista ne.

Baba Yakubu:
Kun yi ta zagaye kun bar babban abu. Sihiri. Maimaitawar Shari'a 18:10-12 ta ambace su ɗaya bayan ɗaya: mai duba, mai sihiri, maye, mai kiran matattu, ta ce abin ƙyama ne ga Ubangiji. A Afisa sababbin tuba sun ƙone littattafan sihirinsu a bainar jama'a, Ayyukan Manzanni 19:19. Yau kuma an yi fina-finai takwas na Harry Potter daga 2001 zuwa 2011, yara suna zuwa makarantar koyon maita, su ne kuma jarumai. Kada wani ya ce mini ai saƙon yana da kyau. Guba a cikin zuma guba ce.

Bitrus:
Baba, da girmamawa nake tambaya. Yaya za mu yi da Narnia? Marubucin labarin, C.S. Lewis, Kirista ne, littafin farko ya fito a 1950, fim ɗinsa a 2005. Akwai mayya a ciki, akwai sihiri, dabbobi suna magana. Amma zakin ya miƙa kansa aka kashe shi a madadin yaron da ya ci amana, ya kuma tashi. Tolkien kuma, marubucin The Lord of the Rings, Katolika ne mai riƙon addini, kuma a labarinsa akwai dattijo mai sanda mai ikon sihiri a gefen nagarta. In kalmar sihiri kaɗai ce ke ka da fim, waɗannan ma sun tafi.

Baba Yakubu:
Bitrus, a Narnia mayyar ce muguwa, kuma an ka da ita. Yaran ba su shiga aji sun koyi tsafi ba. A ɗayan kuwa maita sana'a ce da ake koya, ana yabon wanda ya ƙware. Bambancin a fili yake. Na Tolkien ban kalla ba, ba zan yi magana a kai ba.

Bitrus:
To Baba, ashe ku ma ba ƙidaya kuke yi ba, kuna duba wa yake riƙe da ikon da kuma yadda ya same shi. Wannan shi ne abin da Fasto yake faɗi. Inda muka rabu shi ne, ni na ɗauki sandar Harry kayan tatsuniya ce, kamar kafet mai tashi sama, ba a kiran aljani ko ruhun kowa da ita. Wanda nake tsoro ya fi wannan, fina-finan ban tsoro da ake nuna matasa sun zauna suna kiran matattu kamar wasa, abin da yaro zai iya gwadawa da abokansa a daren nan.

Baba Yakubu:
Waɗannan ba ma sai an faɗa ba. Amma ban sauka daga matsayina a kan na farkon ba. Na ga mutanen da tsoron maita ya raba su da danginsu. Ba abin wasa ba ne a wurina.

Fasto Ishaya:
Baba, babu mai neman ku sauka. Kiristoci masu tsoron Allah sun rabu gida biyu a kan waɗannan fina-finan tun fitowarsu. Romawa 14 ta koya mana yadda za mu zauna da irin wannan: wanda lamirinsa bai yarda ba kada ya yi, wanda ya yarda kada ya raina ɗan'uwansa, kuma kada ya sa masa abin tuntuɓe. A aikace, Malam Istifanus, kada ka nuna irin wannan a taron ikilisiya inda yaran gidaje daban-daban suke zaune. Abin da uba ya yanke a falonsa kuma nasa ne.

Malam Istifanus:
Na karɓa, Fasto. Bari in ba ku abin da ya sa na ce ƙidaya ba ta ishe ni ba. Mun kalli The Lion King na 1994 da 'yan shekara 10 zuwa 12, fim mai harafin G. Da aka gama ban ce komai ba, sai na tambaye su abin da ya fi tsaya musu a rai. Wani yaro ya ce wurin da ɗan zakin yake ture gawar ubansa yana cewa ya tashi. Wata ta ce ta ji haushin kawun da ya sa yaron ya ɗauka shi ne ya kashe ubansa. Na tambaye su me ya sa ya gudu. Suka ce kunya. Na ce wa kuka sani a Littafi Mai Tsarki da ya ɓuya saboda kunya? Nan da nan suka ce Adamu, wani ya ce Musa, wani ya ce Yunana. Muka yi doguwar hira a kan bambancin laifin da ka aikata da laifin da aka ɗora maka, da kuma abokan ɗan zakin guda biyu da suka koya masa ya manta da komai ya ji daɗi, abokai masu kirki amma shawararsu ba ta warkar da shi ba.

Can sai wata yarinya da ba ta yi magana ba tun farko ta ɗaga hannu, murya ƙasa ƙasa, ta ce, "Malam, kakata da ta rasu tana cikin taurari tana kallona?" Domin a fim ɗin uban ya gaya wa ɗansa sarakunan da suka shuɗe suna kallo daga taurari, daga baya kuma ya bayyana masa a gajimare. Babu jerin ƙidayar da zai kama wannan. Ba zagi ba ne, ba jini ba ne, koyarwa ce a kan inda matattu suke, kuma ta shige ta fiye da duk darasin da na taɓa yi musu a kai. Muka buɗe 1 Tasalonikawa 4 da Filibiyawa 1:23, na nuna mata cewa wanda ya mutu cikin Almasihu yana tare da shi, kuma akwai tashin matattu. Da ita kaɗai ta kalla a waya, da wa za ta tambaya?

Mama Rifkatu:
Allah sarki, yarinyar nan. Amma Malam, da ba ta kalla ba ai da ruɗanin bai zo ba.

Malama Saratu:
Mama, ina jin tambayar tana cikinta tun ranar da kakar ta rasu. Fim ɗin ya ba ta amsar da ba daidai ba, amma shi ya sa ta furta.

Bitrus:
Akwai ɓangaren da muke jin nauyin taɓawa, fina-finan da ake kira na Kirista. Da yawa daga cikinsu tsari ɗaya ne: mutum yana cikin matsala, ya yi addu'a, kafin a rufe fim ya sami aiki, matarsa ta dawo, cutar ta warke, wanda ba ya bi kuma ya mutu ko ya durƙusa yana kuka. Babu zagi, babu tsiraici, iyaye sun saki jiki. Amma me muka koya wa ɗan shekara 15? Cewa bangaskiya ciniki ce. Ranar da zai yi addu'a da dukan zuciyarsa mahaifiyarsa ta rasu duk da haka, sai ya ce ko Allah ya yi ƙarya ko shi ne bangaskiyarsa ba ta kai ba. Shadrak da Meshak da Abednego sun ce Allah yana da ikon ceton su, amma ko bai cece su ba ba za su yi wa gunkin sujada ba, Daniyel 3:18. Ibraniyawa 11 ta lissafa waɗanda suka rufe bakin zakoki, a sura ɗaya kuma ta lissafa waɗanda aka jajjefe da waɗanda aka kashe da takobi, duka ta bangaskiya. Fim ɗin da ya ɓoye rabi na biyu ya faɗi a ma'aunin gaskiya, ko an yi waƙar yabo goma a cikinsa.

Hannatu:
Wannan ta taɓa ni. To na labaran Littafi Mai Tsarki fa? Su dai na ɗauka babu abin dubawa.

Fasto Ishaya:
Su ma a duba su, 'yar'uwa, don yaro yakan ɗauki abin da ya gani a matsayin nassi. The Prince of Egypt na 1998 katun ne mai kyau ƙwarai, masu shi ma sun rubuta a farkonsa cewa sun yi wasu sauye-sauye. A ciki matar Fir'auna ce ta tsinci Musa, Fitowa 2 kuwa ta ce 'yar Fir'auna. A ciki mutuwar Bamasaren ta zo kamar tsautsayi, nassi kuwa ya ce Musa ya waiga nan da can, ya ga babu kowa, ya kashe shi ya binne a yashi. An kuma rage aikin Haruna. Na biyun ba ƙaramin sauyi ba ne, domin ya sassauta laifin mutumin da Allah ya kira duk da laifinsa. Ki ba su Littafi Mai Tsarki bayan kallo, ki ce su nemo miki inda aka canja. Za ki ga sun karanta sura huɗu ba tare da kin matsa musu ba.

Mama Rifkatu:
Duk wannan da kuke faɗa yana yiwuwa ne in babba yana zaune. Yaran yanzu a ƙarƙashin bargo suke kallo, waya a hannu, abin ji a kunne. Wa zai tsayar da fim ya yi musu tambaya da ƙarfe ɗayan dare? Shi ya sa na ce a toshe ƙofar tun farko. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Habila:
Mama, ku yi haƙuri in faɗi yadda abin yake daga ɓangarenmu. Yawancin abokaina da aka hana su fim gaba ɗaya a gida sun kalla, a wayar wani. Abin da hanin ya yi shi ne ya rufe bakinsu. In sun ga abin da ya ruɗa su ko ya tayar musu da sha'awa, ba su da wanda za su gaya wa, don faɗar ma tona asirin kai ne. Waya ta kwana a falo, wannan na yarda da shi ɗari bisa ɗari, kuma a sa makullin yara a manhajar kallo. Amma ranar da zai tafi makaranta nesa da gida, makullin ba zai bi shi ba. Abin da zai bi shi shi ne tambayoyin da ya saba ji.

Mama Rifkatu:
Na ji ka, Habila. Amma akwai wanda ba zan taɓa zama in kalla da jikana da sunan tattaunawa ba. Tsiraici ba ya bukatar sharhi. Yusufu bai tsaya muhawara da matar Fotifar ba, barin rigarsa ya yi ya gudu.

Fasto Ishaya:
A nan ina bayanku, Mama, ba tare da wani amma ba. Kisan da ake gani a fim ƙarya ne, babu wanda ya mutu. Tsiraicin kuwa na gaske ne, 'yar wani ce aka tuɓe, sha'awar da yake tayarwa a zuciyar mai kallo ma ta gaske ce. 1 Korantiyawa 6:18 cewa ta yi a guje wa fasikanci.

Habila:
Akwai wanda samari suka fi kallo kuma ba mu taɓo ba, fina-finan ramuwa. An kashe wa jarumi ɗa ko mata, sauran fim ɗin duka farauta ce, kuma an tsara shi yadda in ya kama bos ɗin a ƙarshe kai mai kallo za ka ji sanyi a ranka. Ni kaina ina jin daɗin. Romawa 12:19 kuwa ta ce ramuwa ta Ubangiji ce. Wani lokaci a fim ɗaya za ka ga ramuwar tare da sadaukarwa irin ta Yahaya 15:13, mutum ya ba da ransa saboda abokansa. Tambayar da nake yi wa ƙannena ita ce, me ya warware matsalar a ƙarshe? In amsar kullum ita ce wanda ya fi ƙarfin duka, to fim ɗin ya yi wa'azinsa a kan ceto, kuma ba namu ba ne.

Malam Istifanus:
Ga abin da zan kai wa iyayen. Ba jeri biyu zan yi ba. Kowane fim zai sami 'yan layuka: shekarun da muke ganin ya dace da su, fitowar da za ta iya tsorata yaro ko wadda ya kamata a tsallake da daidai mintin da take, abin da labarin yake cewa a kan Allah da mutuwa da iyaye da abin da ke ceton mutum, sai tambaya biyu ko uku da uwa za ta iya yi ko ba ta kalla ba. Wannan na ƙarshen saboda ke ne, Hannatu. Inda muka saɓa, kamar batun sihiri, zan rubuta ra'ayoyin biyu yadda suke. Masu tsiraici ba za su shiga ba sam. Amma ni kaɗai ba zan iya kallon duka ba.

Baba Yakubu:
Ka rubuta nawa ra'ayin da ayoyinsa cikakku, kada ka taƙaita shi a layi ɗaya.

Malama Saratu:
Zan ɗauki katun da na ƙananan yara. A ƙara layi ɗaya na tsawon lokaci, don Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa 'yan shekara 2 zuwa 4 kada su wuce awa ɗaya a rana a gaban allo, kuma ƙannen waɗannan matasan suna gefe ana kallo da su.

Habila:
Ni zan ɗauki na faɗa da na jarumai masu ikon ban mamaki. Saura na soyayya, musamman masu dogon zango na Indiya da Koriya, waɗanda 'yan matan zumunta suka fi bi. Yawancinsu babu tsiraici, don haka za su wuce kowace ƙidaya, amma a nan suke koyon cewa kishi mai zafi da bin mace duk inda ta je bayan ta ce a'a shi ne so. Wannan aikin mace ne, ba nawa ba. Yaya Hannatu, ko za ki haɗa kai da wata cikin manyan 'yan matan ku fara da wanda suke kallo yanzu?